Sharar Kano a Bakin Shinge

Kafin dokar nan ta zo, ban taɓa jin an ce gwamnati na da ruwa da juji a Matamaye ba. Juji na mai gida ne, kamar rumbunsa. Kowane gida da nasa a bayan danga, can ake zubar da toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da duk abin da tsintsiya ta kwaso. Idan ya shekara ya ruɓe ya yi baƙi, sai a daina ce masa shara, a koma ce masa taki. Da bazara a zuba shi a mangala, jaki ya kai gona, a jera shi tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Na tashi na ga manya da gemunsu suna kai ƙara gaban mai unguwa, don wani ya yi sammako ya kwashi jujin maƙwabcinsa.

Sai fari ya zo ya samu wuri ya zauna. Shanun Fulani da ke kwana a gonakinmu bayan kaka suna bar mana kashi, wasu suka mutu, sauran aka kora su kudu. Awakin gida aka sayar aka sayi hatsi. Jujin ma ya rame, tunda dusar da ake zubarwa mu muka koma ci, ƙaiƙayi na jaki ne, kara kuma na murhu. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta da ƙarfin kanta sai abin da aka zuba mata. Gonar gandunmu da ke hanyar Kance, wadda mahaifinmu ya rasu ya bar mana, ta koma rairayi fari fat. Ko a shekarar da aka ɗan samu yayyafi, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa, ƙuduji ya gama da shi.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da yayana. Shi ya riƙe gonar, ni aka kai lakwal, makarantar boko. Na fito na samu aikin komi a biron tsabtar gari, wato ni ke rubuta takardu, ni ke buga hatimi in shef, shugaban biron, ya sa hannu. Mutanen gari suna ce mini mushe, yadda suke kiran duk wanda ya iya Faransanci, kuma a shekarun da gawar dabba take zube a kowace hanya, ba kullum nake tabbatar da wane mushen suke nufi ba. Ina da riga mai aljihu biyu da alƙalami a kowanne. Ina jin kaina ƙwarai, ba sai an tambaye ni ba.

Yaya kuwa kowane rani Kano yake tafiya, kamar yawancin mazan unguwarmu. A shekarar da nake magana, ranar da zai tafi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ina tsaye ina ji.

“Inna, bana ce ta ƙarshe,” ya ce. “In gonar nan ba ta kawo ko rabin rumbu ba, zan kwashi iyalina mu koma Kano gaba ɗaya. Na gaji da kallon yara suna lasar kwano.”

Inna ta san ba barazana yake yi ba. Ita ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba, ta sha faɗa. Matar Yaya ce ke dafa mata, 'ya'yansa ne ke cika mata tsakar gida. In suka tafi, ni zan rage mata, ni da alƙalumana biyu.

Yana can Kano dokar ta iso. Rediyo ta yi ta faɗa cewa wasu Turawa na ɗebo gubar masana'antunsu a ganguna suna neman inda za su jibge a ƙasashen baƙar fata. Soja ke mulki, ba a yin shawara da kowa, sai dai a wayi gari a ga takarda. Takardar ta ce a binciki kowane juji, a kuma tsare duk lodin shara da ya shigo daga wata ƙasa har sai an duba shi. Ba zan ce dokar banza ce ba. Wa ke son a binne masa guba a bayan gida? Amma mu a Matamaye, inda teku ba ta taɓa aiko mana ko da kifi ba, sai ga mu da dogon ƙarfe muna bin unguwa-unguwa muna tsokalar toka. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga ta ce mini, “Ɗan nan, in ka tono abin ci, a raba da ni.” Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na karanta shafin farko na dokar, wanda ya ba ni ikon shiga bayan gidan kowa, na haddace shi. Shafi na biyu ban tsaya wahalar da kaina a kansa ba.

Wata rana da bazara, rana tsaka, zafi na dukan kwanon biro, aka aiko daga shingen bakin gari cewa a turo komin tsabta, an tsare wata kamiyo. Na gyara riga na hau keke. Tun daga nesa na hango taron mutane, da wata babbar mota da aka lulluɓe da buhunan algarara. A samanta Yaya ne zaune, ya rame ya yi baƙi, yana washe baki kamar ango.

Abin da ya yi ke nan. Ranin nan duka bai tura kura ba, bai yi dako a kasuwa ba. Ya shiga cikin masu haƙar tsohuwar bola a bayan birni, waɗanda ke sayar wa manoman karkarar Kano. Yana yi musu aiki, yana ware nasa kason gefe guda. Da hannunsa ya tace shi da rariyar waya, ya fitar da kwalba da gwangwani da leda, har tafukansa suka tsattsage. Ya samu shofer, wani direba ɗan garinmu da zai koma Damagaram ba kaya, ya roƙe shi, aka loda. Sauran 'yan ci-rani sun dawo da buhun masara da atamfa, shi ya dawo da ƙasa. Na ɗebi kaɗan a hannu. Baƙi ne wuluk, da laushi, da ɗan sanyi a ciki duk da zafin nan, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ban taɓa ganin taki mai kyansa ba, kuma har yau ban gani ba.

“A'a, ga autan Inna!” Yaya ya ɗaga murya daga saman mota. “Ranka ya daɗe, ƙanena ne wannan, ni na goya shi. Auta, zo ka rubuta musu mu wuce, rana na yi.”

Mutane suka kwashe da dariya. Babban masu tsaron shingen, wani dogo mai kaki da ba ɗan yankinmu ba, ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi. Na san kallon. Yana so ya ga ko komi zai yi wa ɗan'uwansa alfarma. A gaban mutanen da nake tsokalar jujinsu suna ce mini mushe, an kira ni auta, an ce an goya ni.

Mai kakin ya tambayi Yaya da gurguwar Hausarsa mene ne a cikin motar.

“Shara ce, ranka ya daɗe,” in ji Yaya, da alfahari. “Sharar Kano, tsohuwa, tun ta kakanni. Ba irin ta jiya ba.”

Haka masu sana'ar suke kiranta a can, ko ta ruɓe ko ba ta ruɓe ba, shara suke cewa, shi ma bakinsa ya saba. A takardar da ke hannuna akwai layin da ake rubuta irin kayan. Faransanci na da kalma biyu. Akwai deshe, shi ne shara. Akwai fumiye, shi ne taki, kuma dokar ba ta ce komai a kansa ba. Duka biyun na sani tun ina ɗan aji uku. Baƙin takin yana manne a yatsuna lokacin da na riƙe alƙalami. Na ce a raina, ai abin da mai kaya ya faɗa shi ake rubutawa, kada a ce na karkata. Na rubuta deshe, da kyakkyawan rubutuna mai lanƙwasa. Mai kakin ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya buga hatiminsa. Na ji daɗin gyaɗa kan nan, Allah ya sani na ji daɗinsa.

Lissafina shi ne gobe da safe in zo da dogon ƙarfena, in tsokala, in sa hannu, a saki kaya. Yaya zai kwana ɗaya yana jira, ya san ƙanensa ba ƙaramin mutum ba ne. Da na koma biro na faɗa wa shef, sai ya buɗe dokar ya tura mini shafi na biyu. Duk lodin da aka rubuta da wannan kalma, in daga waje ya shigo, babu mai ikon sakinsa sai babban mai duba daga Damagaram. Na karanta layin sau uku. Na ce a ba ni takardar in gyara.

“Ka gyara me?” in ji shef. “Takarda mai hatimin kaki? A wannan zamanin? Kai in ka gaji da aikinka, ni ban gaji da nawa ba.”

Shofer ba zai iya jira ba, yana da lodin da zai ɗauka. Aka sa Yaya ya sauke takin da kansa a gefen hanya, kusa da shingen. Aka kafa turaku huɗu aka zagaye shi da igiya, aka ce ko kwando ɗaya ya fita, kurkuku. Da yamma ya shigo gida duk jikinsa baƙi, ya zauna ya sha ruwa, ya ce wa Inna kada ta damu.

“Ai muna da mutum a biro,” ya ce. “Auta zai warware shi kwana biyu.”

Yaya bai iya karatun boko ba. Bai san abin da na rubuta ba, bai san akwai wata kalmar da zan iya rubutawa ba. Ni kuma ban faɗa ba. Na ci tuwon matarsa a wannan maraicen na tashi.

Na rubuta wasiƙa zuwa Damagaram, ba amsa. Na sake rubutawa. Na nemi izini na hau mota na je da kaina, na wuni a kan benci a wani dogon baranda. Ranar farko aka ce mai duban ya tafi taro Yamai. Da na koma aka ce ya dawo amma motar sarwis ba esansi, wato ba mai. Karo na uku wani masinja ya ji tausayina ya gaya mini gaskiya, cewa na'urar da za a gwada guba da ita ba ta ma iso ƙasar ba tukuna, kuma ba wanda ke son sa hannu kafin ta zo. An yi doka, an yi hatimi, an yi igiya da turaku, abin dubawa ne kawai aka manta. Na dawo ina zagin mutanen da ban san fuskarsu ba, don zaginsu ya fi mini sauƙi.

Yaya kuwa kullum bayan sallar asuba sai ya ɗauki tabarma ya tafi bakin shinge. Yana zama a wajen igiya yana korar kaji da jakuna, kada su watsa masa. Masu zuwa kasuwa daga Tsauni da Yauri suka san shi, suna tsayawa su gaisa, wasu su ɗebi takin da ido su yi ƙwafa. Wani dattijo ya ba shi shawara ya riƙa cika aljihu kullum yana kaiwa gona. Yaya ya ce a'a, ba zai ja wa ƙanensa abin magana a wurin aiki ba. A gabana ya faɗa, yana dafa kafaɗata.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wanda duk ke da ɗan abin zubawa ya kai gona. Ruwan shuka ya sauka, mai yawa, irin wanda muka shekara da shekaru muna roƙo a filin idi. Gari ya fita da sassafe, maza na sara, mata da yara na jefa iri. Yaya ya shuka gandunmu a kan farin rairayi, don ba a jiran takarda a bar danshi ya wuce. A shekarar Allah ya ba da ruwa. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har gobe. Da a ce fari aka sake yi, da na ce ko da takin ba abin da zai fito. Amma ruwa ya zo, ya samu gonarmu ba ta da abin da za ta riƙe shi.

Kowane ruwa sai ya wanke gefen tsibin, baƙin ruwa ya gangara ramin bakin hanya. Abin da ya rage kuma ya tsiro. Duk irin da matan Kano suka zubar a shara ya farka: alayyafo, yakuwa, kubewa, tumatir, kabewa mai yaɗo har ta haye igiyar ta kama turaku. A duk faɗin yankin babu wuri mai kore kamar wannan ɗan fili da aka ce ana zargin guba ce. Masu tsaron shingen suka fara tsinkar ganye suna aika wa matansu. Na gan su da idona, da hular kaki cike da kubewa. Ba wanda ya jira na'ura kafin ya sa miyar a baki.

Geronmu ya fito rawaya, siriri, ya tsaya. Yaya ya yi noman firi, ya yi maimai, yana komawa bakin shinge da la'asar. Maƙwabcin gonarmu, wanda ya samu ɗan kashin raƙuma ya zuba, geronsa ya rufe mutum. Iyaka ɗaya ce tsakaninmu, ruwa ɗaya ya sauka a kanmu.

Sai da gero ya fara fitar da kai babban mai duban ya zo, ba sanarwa, kuma ba na'ura. Kan hanyarsa ce ta zuwa wani wuri, aka tuna masa. Aka kira shef, aka kira ni, Yaya dama yana wurin. Mutumin dattijo ne mai furfura, Bahaushen Damagaram, da gani ka san ɗan manoma ne. Ya tsallake igiyar, ya ture ganyen kabewa da ƙafa, ya tsuguna ya cusa hannu. Ya murza, ya sansana. Duk binciken da muka yi wata da watanni muna jira bai kai tsawon alwala ba. Ya miƙe ya karɓi takardar ya duba, sannan ya yi magana da Hausa, da ƙarfi, kowa na ji.

“Wannan ai taki ne. Ko makaho ya taɓa ya san taki ne. Da an rubuta taki tun ranar, da ba ruwan doka da shi. Wane jakin ne ya rubuta shara?”

Shef ya matsa gefe ɗaya, ya bar ni tsaye ni kaɗai. Ba sai ya nuna ba. Na ga Yaya ya juyo ya dube ni, ya dubi takardar, ya sake dubana. Na ga lokacin da abin ya shiga kansa. A zamanin nan kuskure irin wannan a gaban babba yana iya raba mutum da aikinsa a tsaye, kowa a wurin ya san haka. Na kasa cewa ko ni ne.

Yaya ya cire hula ya rusuna.

“Ranka ya daɗe, laifina ne,” ya ce. “Ni na ce musu shara ce. Yaron abin da na faɗa ya rubuta. Mu jahilai ne, ba mu san bambancin ba.”

Dattijon ya yi tsaki, ya ce shi ya sa ake cewa a kai yara lakwal. Ya sa hannu, ya shiga mota ya tafi. Aka kwance igiyar. Abin da ya rage na tsibin bai fi a kwashe a amalanke biyu ba, kuma lokacin zuba taki ya wuce tun tuni.

Muka kamo hanyar gida, ina tura keke, yana gaba da tabarmarsa a hammata. Ina jira ya zage ni, ina ma ya juyo ya mare ni a gaban mutane. Muka wuce masallacin Juma'a. Sai da muka zo kwanar unguwarmu ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Ranar nan ka ɗeba a hannunka, na gan ka,” ya ce. “Ka san mene ne?”

“Na sani, Yaya.”

“To.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa matarsa ba.

Da kaka muka yanke geron, ni da shi, wuni ɗaya ya ishe mu. Dammunan ba su rufe ko gindin rumbu ba. Ya zuba su duka a rumbun Inna, bai ɗauki zangarniya ɗaya ba. Bayan kwana kaɗan ya ɗaure tukwane da tabarmi, ya sa matarsa da yaransa a gaba zuwa tasha. Inna ta raka su har bakin zaure, ƙaramar jikarta na riƙe da zanenta sai da aka ɓamɓare hannunta. Da motar ta tashi na dawo gida na tarar da ita zaune a tsakar gida, wurin ya yi shiru, ba ko kaza. Ta ɗago ta dube ni, idonta jajir.

“Allah ya yi maka albarka, auta,” ta ce. “Yayanka ya gaya mini irin wahalar da ka sha a kan takin nan.”